Tocilar Gogo Aishatu

A shekarun nan da ba a daɗe da samun mulkin kai ba, duk wanda ya shiga kasuwar Jimeta yana neman tocila, rumfar Aji ake nuna masa. Babarbare ne, ya zo daga Borno tun yana saurayi da fataucin kanwa da turare, gari ya karɓe shi, ya yi aure ya kafa gida a unguwar Luggere. Daga baya ya bar kanwa ya koma kayan kanti, su fitilar ƙwai da lagwani da kwaɗo da reza da madubi. Amma a cikin kayan nan duka babu abin da yake ji da shi kamar tocila. Yakan jera su a kan wani katako a gaban rumfa, manya a baya ƙanana a gaba, kowace safiya ya bi su da tsumma har sai ya ga fuskarsa a jikinsu.

Masu sayen tocila kuwa tun daga nesa yake gane su. Masu gadi ne, da direbobin manyan motoci, da maharba, sai samari masu son a gan su da abu mai ƙyalli idan za su zance. Tambayarsu ba ta wuce ɗaya: wacce ta fi nisan haske? Shi kuma sai ya ɗauko mai batir uku, ya haska can ƙuryar rumfa inda ya rataye wani baƙin bargo don wannan aikin, mai saye ya gyaɗa kai, a yi ciniki.

Wata Laraba cikin Agusta, gari ya wuni a lumshe, wata tsohuwa ta tsaya a gaban katakon. Doguwa ce siririya, ta yafa baƙin saƙi mai ratsin fari, da 'yar jakar fata a hammatarta. Ta daɗe tana kallon tocilolin ba ta taɓa ko ɗaya ba, sannan ta ɗago.

"Kai ne Babarbaren da ke sayar da wuta a gwangwani?"

Daga jin harshenta Aji ya san Bafulatanar cikin Yola ce. Wasan Fulani da Barebari kuwa ba ya jiran sai an san juna.

"Ni ne, Gogo. Yau kuma Fulani sun bar shanu sun shigo gari neman haske?"

"Mun zo mu ga ko kun iya wani abu ban da cin gero. Nuna mini."

Ya ɗauko mai batir uku ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta ɗaga ta, ta sauke, ta mayar masa.

"Na ce maka daka zan yi? Wannan ai taɓarya ce."

Ya yi dariya ya kawo mai batir biyu, wadda direbobi suka fi so. Ya nuna mata bargon da ke ƙurya, amma ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta kunna, ta buɗe tafin hannunta na hagu, ta kawo hasken kusa da shi kamar tazarar taƙi ɗaya.

"Zo ka gani," in ji ta.

Ya leƙa. Hasken ya yi zobe a kan tafin, gefe fari tas, tsakiya kuma wani duhu kamar an ɗiga tawada.

"Ka ga tsakiyar? Ni kuwa tsakiyar nake so."

Aji ya karɓi tocilar ya gwada a nasa hannun. Shekaru yana sayar da irinta, bai taɓa haska abin da ke kusa da hancinsa ba. Ya gwada wata, ita ma haka. Ya dubi tsohuwar da kyau.

"Gogo, me za ki duba da ita?"

"Maƙogwaro."

Sai a lokacin ya gane ko wace ce. Matarsa Kellumi ta sha ba shi labarin Gogo Aishatu ta unguwar Adarawo, mai cire ƙayar kifi. A garin da Binuwai ke kwance a gefensa, kuma kusan kowace tukunya da kifi a cikinta, ba a mako ba a kai mata wani yana riƙe da wuya ba. Wajen mahaifiyarta ta gaji aikin. Ba ta tofi, ba ta ba da rubutu. Cokali ne da hantsaki da idonta, sai hannun da aka ce ko kaɗan ba ya rawa.

Ya jawo mata benci, ta zauna, ta gaya masa damuwarta. Da rani ba ta da matsala: takan zaunar da mutum a tsakar gida ya fuskanci rana, ko ta sa a riƙe madubi a karkato hasken cikin bakinsa. Amma ƙaya ba ta jiran rana ta fito. Da damina sai a yi kwana da kwanaki sama a rufe, fitilar ƙwai kuwa ba a iya kai ta bakin mutum, ga zafi ga hayaƙi, haskenta kuma ya fi shiga idon mai dubawa. Akwai wata nas a asibitin Jimeta, sunanta Fibi, wadda suka saba saboda Gogo kan tura mata waɗanda raunin ƙaya ya yi musu ruwa. Ita ce ta nuna mata wata 'yar tocila da likita ke maƙalawa a aljihun riga kamar alƙalami.

"Ta ce in nemi irinta. Wadda zan riƙe da yatsu biyu, sauran yatsun suna kan cokali. In na kunna ta zauna a kunne, ba sai ina dannawa ba."

Aji ya sunkuya ƙarƙashin katako ya zaro mafi ƙanƙantar da yake da ita, wata ja mai faɗin kai, irin wadda mata ke saya don shiga rumbu.

"Wannan fa?"

Ta juya ta a hannu. "Buɗe baki."

"Ni?"

"Akwai wani Babarbaren a nan?"

Ya waiwaya. Mai sayar da yadi na rumfar gefe ya riga ya leƙo, wasu 'yan dako biyu sun tsaya. Aji mutum ne mai son girmansa, babbar riga ba ta barin jikinsa ko a cikin zafi. Amma tsohuwar ta riga ta miƙe ta kama haɓarsa, kuma yadda ta kama ɗin, a hankali amma ba wasa, ya sa ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. Ta kawo tocilar, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta yi tsaki.

"Kan ya toshe ƙofar. Haske ya shiga, ido bai shiga ba." Ta sake shi. "Kuma haƙorinka na ciki ya fara rami. Ka rage dabino."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Aji ma ya yi, yana gyara hularsa. Ya ce ta tafi da jar ta riƙa maneji kafin a samu wadda take so, ba sai ta biya yanzu ba. Ta girgiza kai.

"Ba na kai abin da zan riƙa jin haushinsa gida. In ka samu ka aiko Adarawo. In an samu ma, sai wadda ake samun batirinta a garin nan. Kada ka kawo mini abin da zai mutu in rasa abincinsa."

Ta sa jakarta a hammata ta tafi, ba ta sayi ko ashana ba. Aji ya bi ta da kallo har ta ɓace a layin masu gishiri. Ya saba da masu saye da ke yaba kaya don a rage musu, da masu kushewa don a rage musu. Wannan ba ta yaba ba, kushewar da ta yi kuma duk gaskiya ce.

Washegari ya bar rumfa a hannun maƙwabcinsa ya zaga manyan kantunan bakin kogi. Akawun kanti ɗaya ya ce bai taɓa gani ba. Na biyu ya ce ya san ta, amma sai an yi oda daga Ikko, kuma ba a yin odar guda ɗaya. Ya biya wajen wani mai gyaran rediyo a bayan tasha, wanda ya ce tocilar ba shi da ita, amma in dai siraran batir take ci, irin na ƙananan rediyon da suka fara shigowa, to waɗannan ba sa yanke masa. Aji ya koma rumfa da rabin amsa.

Lokacin cikar kogi ne, watannin da manyan jiragen ruwa ke iya hawowa har Jimeta, su sauke gishiri da kananzir da kwanon rufi, su gangara da gyaɗa da auduga. Ba a yi mako ba wani jirgi ya iso da kwalayen batir ɗin da Aji ke jira. Ya je bakin ruwa da hantsi. Yana tsaye kusa da katakon da 'yan dako ke takawa, sai ya ga wani mutum ya fito daga ramin injin, gajere mai faɗin ƙirji, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, da wani siririn abu a bakinsa kamar sigari. Sai dai wannan sigarin haske yake fitarwa. Mutumin ya goge hannu a wando, ya cire abin daga baki, ya danna gindinsa, hasken ya ɗauke, ya maƙala shi a aljihu.

Aji ya manta da kwalayensa. Ya tattare babbar riga ya hau katakon.

Sunan mutumin Zadok, ɗan Numan ne, shi ke kula da injin. Da ya ga ɗan kasuwa da babbar riga ya hawo jirgi yana nuna aljihunsa, dariya ta kama shi, amma ya zaro ya miƙa masa.

Aji bai taɓa riƙe abu mai kyan ƙira irin wannan ba. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, kaurinta kamar babban yatsa, jikinta farin ƙarfe ne sumul, da 'yar maƙala a gefe. Ba ta da faffaɗan kai ko gilashi. Ƙwan ne kawai ya leƙo ta wani ɗan rami a baki, ƙarami kamar ƙwayar dawa, kuma a kan ƙwan akwai wani ɗigon gilashi mai kauri wanda ke tattara hasken wuri ɗaya. Ya danna gindin, ya ji ƙas, ya kawo ta kan tafinsa. Farin da'ira ya sauka cikakke, babu duhu a tsakiya, har yana ganin zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya warware ta, siraran batir biyu suka zubo a hannunsa, irin na mai gyaran rediyo sak.

"Sayar mini."

"A'a, oga. Wannan shi ne idona a cikin injin. A Burutu, can bakin teku, na same shi wajen wani ma'aikacin babban jirgi. Hannu biyu suna aiki, shi yana baki."

Aji ya zauna a kan wani buhun gishiri ya ba shi labarin tsohuwar tun daga farko, har da buɗe bakin da aka sa shi a tsakiyar kasuwa. Zadok ya yi dariya har da buga cinya. Da dariyar ta lafa sai ya mai da kallonsa kan ruwa.

"Mu mutanen kogi ne," in ji shi. "Na san ƙaya. Na ga babban mutum yana kuka da hawaye saboda abin da bai kai allura ba." Ya juya tocilar a hannunsa. "Idan mun gangara zan iya neman wani. Amma kafin nan da me zan shiga rami?"

Aka aika rumfa aka kawo mai batir biyu sabuwa fil. Zadok ya gwada cusa ta a baki, ta ƙi, suka sake dariya, ya ce zai ɗaure ta da waya a saman injin. Idonsa kuma ya daɗe a kan hular Aji, zanna mai aikin hannu wadda aka kawo masa daga Yerwa, can Borno. Aji ya cire ta ya ɗora masa a ka. Da haka ciniki ya faɗa. Har ya juya zai sauka, Zadok ya kira shi, ya shiga ciki ya fito da kwalin ashana. A ciki, naɗe da auduga, akwai wani ƙwan na ajiya.

"Ka ba mama. Irin wannan ƙwan ba a samunsa a nan."

Aji ya sauko daga jirgi ba hula, mutane suna kallonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

A gida ya wanke tocilar da sabulu da tsumma har warin man injin ya fita, ya zuba mata sababbin batir. Ya yi niyyar kai ta Yola washegari, amma washegarin ta zo ta wuce tana aljihunsa. Ya leƙa da ita cikin wani kwaɗo da ya ƙi buɗuwa ya ga tsatsar da ta riƙe shi. Ya gano allurar Kellumi a ƙarƙashin gado. Ya sami madubi ya duba haƙorin nan, ya ga ramin da idonsa. Ba ta da nauyi, ba ta ja aljihu, sai ya taɓa wajen yake tuna tana nan. Rana ta uku Kellumi ta dube shi yana wasa da ita bayan sallar azahar.

"Aji, wai kai ka saya wa tsohuwa ko kanka?"

Ya tashi ya fito da kekensa.

Yana tsakiyar hanyar Yola hadari ya taso daga gabas, baƙi kamar gindin tukunya. Kafin ya shiga Adarawo ruwa ya sauko, gari ya yi duhu kamar bayan magariba alhali la'asar ba ta yi ba. Bai sha wahalar gane gidan ba, don mutane ne cike a zauren har waje, wasu sun rufe kai da tabarma.

Ya jingine keke ya kutsa. A tsakiyar zauren wani ƙaton mutum na zaune a kan turmi, gumi na zuba daga goshinsa, miyau na dalala ta gefen bakinsa don ya kasa haɗiyewa. Wani na kusa ya raɗa wa Aji cewa Hamajoɗa ne, magini, tun abincin rana ƙayar karfasa ta tsaya masa. Kafin a kawo shi an sa shi ya haɗiyi lomar tuwo ba tauna, an ba shi ayaba, abin sai ƙaruwa yake. Gogo Aishatu na tsaye a kansa, wata mata ta ɗaga mata fitilar ƙwai, Gogo na cewa a matso, a ja baya, a ɗaga sama, fuskarta a ɗaure.

Aji bai yi sallama ba. Ya zaro tocilar ya danna ya miƙa ta saman kafaɗarta. Ta dubi hasken, ta dube shi, ta karɓa.

"Fitar da fitilar nan," ta ce wa matar.

Ta tsamo hantsaki daga kwanon ruwan zafi, ta danne harshen Hamajoɗa da gindin cokali, tocilar na tsakanin yatsunta biyu kamar da ita aka haife ta. Aji na tsaye daf da ita, ya ga cikin bakin ya haskaka jajur har can ƙasa. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan jinka. Hannunta na dama ya shiga a hankali, ya tsaya, ya ɗan juya, ya fito. A bakin hantsakin ga wata siririyar ƙaya kamar gashin gemu.

Mutane suka ɗauki hamdala. Wani dattijo, wanda ya ce shi yayan Hamajoɗa ne, ya fara yi mata godiya da Fulatanci. Ita kuwa ba ta dubi kowa ba, idonta na kan wuyan majinyacin.

"Haɗiye."

Ya gwada, fuskarsa ta yamutse, ya kai yatsa can ƙasan wuya ta hagu. Ta sa ya sake buɗewa, ta ce ya fito da harshe ya ce a'a mai tsawo. Wannan karon ta daɗe tana dubawa. Ta karkata hasken, ta sunkuya, ta miƙe. Sannan ta mayar da hantsakin cikin kwano.

"Akwai ta biyu. Babba ce, ta kwanta a gicciye, tuwon da kuka ba shi ya tura ta ƙasa. Kanta kawai na hango, kuma wajen ya fara kumbura. Wannan ba tawa ba ce. A kai shi asibiti yanzu."

Dattijon ya matso. "Haba Gogo, ke da kika gani ai kin gama. Sa hannu mana. Asibiti yanka mutum suke yi."

"Don na gani ne na ce ba zan sa ba. Da fitilar ƙwai ce da na yi ta lalube har in yaga masa wuya. In na ja ta daga nan, abin da zai biyo baya ba ni da maganinsa."

"Mu dai mun yarda da hannunki."

"To ku yarda da bakina ma. Ni zan raka shi da ƙafata."

Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, ta shiga ciki ta fito da mayafinta. Aji ya ga mutanen da suka cika zaure don su ga abin mamaki, ya ga yadda ta bar yabon da ke hannunta ta ajiye kamar yadda ta ajiye hantsakin. Ya fita cikin ruwa da gudu. A bakin kasuwar Yola ya sami wata a-kori-kura ta wani mai hatsi da ya sani, ya roƙe shi, suka dawo tare. Aka sa Hamajoɗa a gaba kusa da direba, Gogo ta matsa a gefensa tana riƙe da kansa kada ya yi ta girgiza, Aji da dattijon da keke suka hau baya ruwa na dukansu har Jimeta.

Allah ya sa Fibi ce ke aiki. Mace ce gajera mai saurin tafiya, da farar hula a kanta. Tana ganin Gogo ta san ba ƙaramin abu ya fito da ita cikin ruwan nan ba.

"Gogo, lafiya?"

"Ta hagu, can ƙasa, a gicciye. Na cire ƙaramar, babbar ban taɓa ba." Ta zaro tocilar daga ƙullin zanenta ta haska mata wajen.

Fibi ta leƙa, ta gyaɗa kai, sannan ta dubi abin da ke hannun tsohuwar ta yi murmushi. "Kin samu ke nan."

"Babarbaren nan ya samo. Je ki kira likita."

Aka shiga da Hamajoɗa, aka bar su a baranda. Dattijon ya koma gefe yana jan carbi. Ruwa ya fara tsagaitawa. Gogo ta zauna a benci, ta fito da tocilar, sai yanzu ta dube ta duban mai saye. Ta auna nauyinta a tafi, ta maƙala ta a bakin mayafi ta cire, ta kunna ta kashe.

"Madannin da tauri."

"Zai saki, Gogo. Sabo da hannu ne."

"Batir fa?"

Ya warware ya nuna mata yadda suke shiga, kai na bin kai, ya gaya mata rumfar mai gyaran rediyo, ya ce shi ma daga yau zai riƙa ajiye su. Ya gargaɗe ta kada ta bar su a ciki idan sun yi sanyi, don da damina sukan zubar da wani ruwa mai cin ƙarfe. Ya ba ta kwalin ashanar, ya gaya mata ko wane ne Zadok da yadda aka yi. Da ya zo wajen hular sai ta dubi kansa, wanda yanzu wata tsohuwar hula jiƙaƙƙiya ke kai, ta kama baki.

"Ashe Babarbare na rabuwa da hularsa. To nawa ne?"

"Haba Gogo. Bayan abin da na gani yau? Na ba ki."

"Ban karɓa ba. Abin aiki ba na karɓarsa kyauta. In ya lalace da wane bakin zan zo in zage ka?"

Ya faɗi kuɗi kaɗan, ta ce ya raina ta. Ya ƙara, ta ce ashe ɓarawo ne. Suka yi ta ja a barandar asibiti ƙasa-ƙasa, ita tana hawa shi yana sauka, har dattijon ya bar carbinsa yana kallonsu. A ƙarshe ta kwance bakin zane ta biya abin da ita ta ga ya dace, ta ce kuɗin hula kuma ya nema wajen Allah.

Ana kiran magariba Fibi ta fito da wani ɗan farin kwano. A ciki ga ƙayar, tsawon gaɓar yatsa biyu, da lanƙwasa a kai kamar ƙugiya. Ta ce sai da aka sa Hamajoɗa barci aka zura dogon ƙarfe aka juya ta kafin ta fito, ba a yanka ko'ina ba. Likita ya ce a gaya wa wadda ta kawo shi ta kyauta da ba ta ja ba. Dattijon ya karɓi kwanon yana kallo, ya juya wajen Gogo yana ta faɗin "Useko, useko." Ta ce masa ya bar godiya, ya je ya gaya wa mutanen gidansu su daina tura wa mutum tuwo a kan ƙaya.

Babu motar komawa Yola a wannan lokacin, don haka Aji ya tafi da ita gidansa a Luggere, yana tura keke tana biye. Kellumi ta rasa inda za ta sa ta don murna, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kunna turaren wuta, suka kwana ɗaki ɗaya suna hira rabi da Hausa rabi da hannu, don Hausar Kellumi ba ta nuna sosai ba. Da safe Aji ya sa ta a mota.

Hamajoɗa ya yi kwanaki a asibiti yana shan kunu, muryarsa ta daɗe a shaƙe, daga baya ta washe ya koma gininsa. Aji ya yi ta neman irin tocilar ta hannun masu zuwa Kano, ya samo wasu, teloli da masu gyaran agogo suka saye, amma babu wadda haskenta ya kai na waccan tsabta. Gogo Aishatu kan zo sayen batir da kanta duk da tana da masu aike, ta zauna a benci ta sha ruwa, ta kushe kayan rumfar ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi labarin maƙogwaron da ta leƙa tun zuwanta na baya. Haka suka yi shekaru, har aka yi jihohi, Yola ta koma ƙarƙashin Arewa maso Gabas.

Da idonta ya fara hazo, da kanta ta ce ta bar aiki, tun kafin kowa ya lura. Ta miƙa cokali da hantsaki da tocilar ga 'yarta Fadimatu, wadda ta daɗe tana koya a gefenta. Ranar da Fadimatu ta fara zuwa rumfar sayen batir, Aji ya karɓi tocilar don ya zuba mata. Farin ƙarfen ya goge a inda yatsu biyu ke kamawa, jan ƙarfen ciki ya fito yana ƙyalli. Ya zuba batir, ya goge ta da tsummansa, ya miƙa mata, ya ce ta gaida Gogo, ta ce mata yana nan tafe ranar Juma'a.